Mura Ta Wuce, Numfashi Bai Dawo Ba

A cikin duk takardun da na sa wa hannu lokacin da nake daraktan lakwal, akwai guda ɗaya da har yau in na tuna ta sai kunya ta kama ni. Takardar gargaɗi ce, na rubuta ta a kan wani malami da ke aiki a ƙarƙashina a wata makarantar firamare cikin karkarar Korgom, a gundumar Tasawa. Laifin da na ɗora masa shi ne barci a aji.

Malamin ɗan kwantaragi ne, shekarunsa sun ɗan haura talatin, kuma tun yana yaro bayansa ya karkace. Kafaɗarsa ta dama ta ɗara ta hagu, haƙarƙarinsa na gefe guda ya turo baya ya yi doro. Yara, kamar yadda suka saba, sun laƙa masa suna a ɓoye. Amma babu wanda ya taɓa kuka da aikinsa. Daga wani ƙauye na kusa yake takowa da ƙafa kowace safiya, kuma in yana koyarwa ana jin muryarsa daga bakin rijiya.

A hunturun da ya biyo bayan shekarar korona wata mura mai nauyi ta ratsa garin. Zazzaɓi, tari, ciwon gaɓoɓi, wasu suka daina jin ƙanshin miya. Babu wanda aka yi wa gwaji, don haka kowa ya kira ta da sunan da ya ga dama. Ni ma ta kwantar da ni, na yi mako guda na miƙe. Shi ya yi kusan mako uku, sannan ya dawo aiki ya ce ya warke, muka yi masa barka da arziki.

Sai dai tun daga nan aikinsa ya sauya. In yana yi wa yara shifta sai ya tsaya a tsakiyar jimla ya ja numfashi, yara su yi ta jira da alƙalami a sama. Da safe yana zuwa dafe da kai. Kafin a fita hutun ƙarfe goma ya fara gyangyaɗi, sau biyu na leƙa na same shi kansa bisa tebur, aji ya zama kasuwa. Zuciyata ta raya mini abubuwa iri-iri: ko kabu-kabu yake yi da dare don albashin kwantaragi ba ya isa, ko kuma, Allah ya gafarta mini, ƙwaya ya fara sha. Ranar da na miƙa masa takardar ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Mushe darakta, wallahi ba ganganci ba ne. Ina kwana, amma in na tashi kamar ban runtsa ba." Na ce masa kowa ma haka yake faɗa.

Bayan 'yan watanni ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Yayansa ya kai shi Tasawa, daga can aka tura su Maraɗi. Da suka dawo yayan ya zo har gida ya ba ni labarin abin da likita ya ce, abin da ya sa na shiga karance-karance a kan al'amarin ke nan. Abin da na fahimta shi nake son in ajiye a gaban iyaye da 'yan'uwana malamai, domin daga Mayahi zuwa Matamaye da Daura da wuya ka samu garin da babu mai irin wannan baya, kuma in mura ta wuce muna auna warkewarsa da mudun da muke auna tamu. Kuskure ne, kuma irin kuskuren da ke iya kai mutum kabari.

Bari mu fara da ƙirjin kansa. Huhu ba ya jan iska da ƙarfin kansa. Haƙarƙari ne ke buɗewa, wani faffaɗan nama da ke raba ƙirji da ciki ya ja ƙasa, sai iska ta shiga, kamar dai zuga-zugin maƙeri. Babban mutum mai lafiya in ya cika ƙirjinsa iyakar ƙarfinsa ya fesar, yakan fitar da lita uku zuwa biyar, alhali in yana zaune kowane numfashi bai fi rabin lita ba. Ragowar ajiya ce. Mu mutanen jihar Maraɗi ba sai an koya mana ma'anar ajiya ba. Wanda ya ga yunwar 2005 ya san bambancin gidan da ke da rumbun tsimi da gidan da hatsinsa ke ƙarewa daidai da shigowar kaka. A shekarar albarka duka biyun suna cin tuwo, ba ka bambance su sai ranar da fari da fara suka haɗu.

Karkacewar ƙashin baya, wadda likitoci ke kira sikoliyosis, ta wuce lanƙwasawa gefe. Ƙasusuwan suna murɗewa, su ja haƙarƙari tare da su, gefe guda ya matse, ɗayan ya turo baya. In ta yi tsanani ƙirjin yakan ƙanƙance ya yi tauri, naman numfashi ya riƙa aikin ninki don shigar da iska kaɗan. Mai irin wannan ƙirji yana iya yin shekara talatin yana noma, yana koyarwa, yana riƙe iyali, domin abin da yake samu ya ishe shi yau da gobe. Rumbun tsimi ne ba shi da shi. To mura mai tsanani, ko korona, ko duk wata cutar bairos da ke kama hanyar numfashi, ita ce shekarar farinsa. Tana kumbura hanyoyin iska, ta tara majina, zazzaɓi ya ƙara wa jiki buƙatar iska, kwanciyar mako biyu ko uku kuma ta zabge naman jiki har da naman numfashi. Tarinsa ba shi da ƙarfin da zai kakkaɓo majina daga ƙasan huhu, sai ta zauna, ƙwayoyin bakteriya su samu masauki, ciwon haƙarƙari ya biyo baya. Mai cikakken ƙirji yana ci daga ajiyarsa har ya farfaɗo. Wannan kuwa yakan tashi daga jinya da ƙasa da abin da ya kwanta da shi, kuma ba kowa ne yake komawa matsayinsa na da ba.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne bayanin barcin. Idan mutum ya yi barci, musamman lokacin mafarki, yawancin naman jiki yakan saki, numfashi ya ragu. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga wanda ƙirjinsa ya riga ya matse, numfashin dare yakan yi ƙanƙanta har gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fesar, wato kabon, ta taru a jininsa, oksijin kuma ya yi ƙasa. Shi ke kawo ciwon kai da asuba, da nauyin jiki, da mantuwa, da gyangyaɗin rana. In abin ya daɗe, hanyoyin jinin huhu sukan takure, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turi har ya gaji, ruwa ya taru a ƙafa. Ashe duk abin da na lissafa a takardata da sunan sakaci alamomin ciwo ne, ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce daga littafin likita na kwafo su.

Kada wata uwa ta karanta wannan ta tayar da hankalinta don kafaɗar 'yarta ɗaya ta ɗan ɗaga. Likitoci suna auna karkacewar da digiri a jikin hoton ƙashi, wanda a nan muke ce wa radiyo. Daga digiri 10 ake fara kiranta sikoliyosis, kuma yara biyu zuwa uku cikin ɗari suna samunta a shekarun balaga, mafi yawansu ƙarama ce wadda ba ta taɓa huhu. A jihar Ayowa ta Amurka an bi mutum 117 masu irin wannan ta balaga, waɗanda ba a yi wa aiki ba, har tsawon shekara 50, aka fitar da sakamakon a 2003. Yawancinsu sun yi rayuwarsu suna aiki kamar kowa, abin da ya fi damunsu ciwon baya ne, haki kuwa ya fi yawa ga waɗanda karkacewarsu ke saitin ƙirji kuma ta wuce digiri 80. Sai dai wani bincike da aka yi a Suwidin, aka buga a 1992, ya nuna ɗaya fuskar. Waɗanda bayansu ya karkace tun suna ƙanana, da waɗanda shan inna ta jawo wa, sun fi sauran jama'a mutuwa da wuri ta hanyar numfashi da zuciya, kuma haɗarin ya fi bayyana daga shekara 40 zuwa 50. Huhun yaro yana ci gaba da yin sabbin aljifan iska har wajen shekara takwas, in ƙirjin ya matse kafin nan, huhun ba zai kai girmansa ba har abada.

Irin na biyun nan shi ne abin tsoronmu. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya, Kano a kan gaba, suka dakatar da rigakafin shan inna, ba a koma yi a Kano ba sai Yulin 2004. Cutar ta tsallako, domin iyakar da ke tsakaninmu da Katsina ba ta hana aure ko cin kasuwa, balle ƙwayar cuta. An ayyana cewa Afirka ta rabu da shan inna ta asali, wadda ake ce wa ta daji, ranar 25 ga Agusta 2020. Abin murna ne, amma yaran da ta shanye a waɗancan shekaru suna nan tare da mu. Yau 'yan shekara ashirin da wani abu ne, kuma wasunsu har naman baya da na ƙirji ta raunana musu, ba ƙafa kaɗai ba. Sai tarin fuka na ƙashin baya, wanda ke cinye ƙashi ya karya shi gaba ya bar ƙusumbi mai tsini. Shi ma yana matse ƙirji, kuma sau da yawa huhun yana ɗauke da tabon tsohon tarin. Ga waɗanda aka haifa wani ƙashin bayansu bai cika ba. In ka ƙara da ƙyanda, wadda ita ma bairos ce ta hanyar numfashi, take ɓarkewa a Nijar kusan kowane rani, takan kuma bar wa wasu yara lahani a huhu har girmansu, za ka ga mai doronmu yakan shiga hunturu da rauni biyu ko uku a ƙirji guda.

Na san abin da wasu za su ce: ai korona ba ta yi mana komai ba a nan, ciwon Turawa ce da manyan Yamai. Gaskiya ne alƙaluman hukuma ƙanana ne. Tun daga mutum na farko da aka tabbatar ranar 19 ga Maris 2020, waɗanda aka ƙidaya a duk faɗin Nijar ba su kai dubu goma ba, mamata ɗari uku da 'yan kai. Amma wanda aka gwada shi ake ƙidayawa. Mai karatu, a ƙauyenku mutum nawa aka zura wa auduga a hanci? 'Yan ci-rani sun ci gaba da kai da komo ta ɓarauniyar hanya duk da rufe iyaka, Kano kuwa kowa ya ji yadda dattawanta suka yi ta faɗuwa a watan Afrilun wannan shekara. An rufe mana makarantu daga 20 ga Maris har 1 ga Yuni, muka koma, muka manta. A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar ciwon bayan korona, wato gajiya, ko haki, ko dushewar tunani da ke nan bayan wata uku da kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata biyu, babu wani dalili na daban da zai bayyana su. Ta ƙiyasta cewa kusan mutum 6 cikin 100 da suka kamu suna samun haka. Ƙiyasin na jama'a ne gaba ɗaya. To ka ɗora wannan hakin a kan wanda dama da rabin numfashi yake rayuwa. Ni dai sunan murar bai dame ni ba. Ko korona ce, ko murar hunturu da muka gada kaka da kakanni, ƙirjin da ta tarar shi ne abin dubawa.

Saboda haka in akwai mai karkataccen baya a gidanku ko a makarantarku, "ya ji sauƙi" ba ta wadatar ba. A sa masa ido wata biyu zuwa uku bayan murar, a gwada shi da yadda yake da. Tafiyar da yake yi zuwa kasuwa ba tsayawa, yanzu sau nawa yake tsayawa? Yana kai ƙarshen magana da numfashi ɗaya? Ya koma kwana a jingine don kwanciyar rigingine tana shaƙe shi? Kowace wayar hannu tana da agogo, a ƙirga numfashinsa yana zaune cikin minti guda. Na babba mai lafiya 12 zuwa 20 ne, in ya kai 25 alhali yana hutawa, babu zancen jira. Ciwon kai kullum da asuba, barcin rana, kumburin ƙafa, zazzaɓin da ya tafi ya dawo da majina mai launi, duk na zuwa wurin likita ne ba tare da jinkiri ba. In harshe ko cikin leɓe ya yi duhu, ko ya fara ruɗewa, ana masa magana yana lumshe ido, a nemi mota ko amalanke a daren. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a kai majina a gwada ta don tarin fuka, maganinsa kyauta ne.

Akwai ɓarnar da muke yi da hannunmu da sunan taimako. Mai tari ya hana gida barci, sai a aiki yaro wurin mai tallar magani a tire ko a bayan keke, a kawo maganin tari mai sa barci, ko taramol don ciwon baya, ko ƙwayar barci. Duka suna rage wa ƙwaƙwalwa himmar tura numfashi. Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, sai dai kwalaben ba su ji sanarwar ba. Abin da yake maye ga mai lafiya yana iya zama barcin da ba a tashi ga wanda numfashin darensa dama a bakin gaɓa yake. Kafso kuma ba ya kashe bairos, amfaninsa sai bakteriya ta shigo, kuma ma'aikacin lafiya ne zai tantance hakan. Ba na raina wanzami ko maɗori, na ga karayar da maɗori ya ɗora ta warke sarai. Amma ƙaho da tsaga a gadon baya ba sa ƙara wa ƙirji faɗi, ƙashin da ya murɗe ya ƙafe shekara ashirin kuma babu hannun da zai miƙe shi da matsa, sai dai a ƙara wa mutum ciwo a cinye masa makonnin da ya kamata ya yi a gaban likita.

Ko a asibiti akwai abin da ya kamata dangi su sani. Oksijin yana ceton rai, amma ga mai irin wannan ƙirji, in an buɗe shi da yawa ba a lura, kabon yana iya ƙara taruwa, mutum ya yi ta nutsewa cikin barci alhali 'yar na'urar da aka maƙala masa a yatsa tana nuna lamba mai kyau. Shi ya sa ƙa'idar likitocin ƙirji na Birtaniya ta ce masu tsananin karkacewar baya a riƙe oksijin ɗinsu tsakanin 88 da 92 cikin ɗari har sai an auna jininsu. Ba cewa nake ɗan rakiya ya koya wa majo aikinsa ba, kuma kada wani ya cire wa majinyaci oksijin da kansa. Amma ka buɗe baki ka ce, wannan bayansa a karkace yake tun yana yaro, kuma yana yawan barcin rana. Babbar riga da hijabi suna ɓoye doro fiye da yadda muke zato, wanda aka kawo a kwance cikin dare kuma ba kowa ne zai juya shi ya duba bayansa ba.

Maganin da ya fi aiki ga ragewar numfashin dare wata na'ura ce mai tura iska ta takunkumin fuska, kuma inda ake samunta ta ƙara wa irin waɗannan mutane shekaru masu yawa. Tana son wuta kowane dare, da kuɗi, da ma'aikacin da zai daidaita ta, abin da ya yi wa ɗan kwantaragin ƙauye nisa. Abin da ke hannunmu kuwa ba kaɗan ba ne. Kada a bar shi kwance yini guda da sunan hutu. Ya zauna, ya taka kaɗan yau, gobe ya ƙara, ranar da jiki ya ƙi ya dakata. Ya kwana kansa da ƙirjinsa a ɗage, ya sha ruwa isasshe don majina ta yi laushi. Likitocin gashin jiki suna koyar da wata dabara da ba ta cin ko dala: a zuba ruwa kamar faɗin tafin hannu a gora, a sa siririn tiyo, mutum ya riƙa busawa a hankali ruwan yana ɓulɓula, sai majina ta taso. Sai kuma hayaƙi. Da hunturu mukan toshe kowace kafa ta ɗaki mu shigar da garwashi, wannan haɗari ne ga kowa, ga shi kuwa ninki ne.

A nan maganar mata ta fi ƙarfi. Karkacewar lokacin balaga ta fi tsananta ga 'ya'ya mata, su ne kuma ke tsugune a gaban murhun kara da kashin shanu, su ne ke sussuka da sheƙa cikin ƙaiƙayi. Matar da bayanta ya karkace sosai in ta tashi daga mura, ana jiran ta koma turmi washegari, in ta zauna a ce ta cika son jiki, kishiya ta samu abin faɗa. In tana da juna biyu, a watannin ƙarshe cikin yana tura naman numfashi sama ya ƙara rage mata wuri. Mai ƙaramar karkacewa tana haihuwa lafiya kamar kowa. Mai babba ya kamata tun awon farko a san da zamanta, a shirya ta haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata da oksijin. Maigida, wannan naka ne, kai ke ba da izini da kuɗin mota.

Yanzu ga inda mu malamai muka shigo. Ƙirjin da abokin aikina ya kai Maraɗi yana ɗan shekara talatin da ɗoriya, an gama gina shi ne yana ɗan firamare, a gaban wasu malamai irina masu ganinsa kullum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, muna yawan faɗa a kan tarbiyya, a nan kuwa maganar ta zahiri ce. Akwai gwajin da wani likitan Ingila, Wiliyam Adams, ya bayyana tun 1865, ba ya buƙatar na'ura. Yaro ya haɗa ƙafafu, ya sunkuya kamar mai ruku'u amma ya saki hannuwa ƙasa, tafuka a haɗe, mai dubawa ya tsaya a bayansa ya kalli gadon bayan. In gefe guda ya fi ɗayan tudu, a tura shi wurin likita. Minti ɗaya ne. Shekara 10 zuwa 14 ne babban lokacinsa, sa'ad da yaro ke harbawa, wato 'yan CM1 da CM2 da farkon kolaj, amma ƙaramin da aka ga bayansa ya karkace shi ya fi kowa gaggawa. 'Ya'ya mata uwa ce za ta duba su a ɗaki, ko malama mace a keɓe. Kada namiji ya kusanci wannan, kada kuma a yi shi a gaban aji a mayar da yaro abin dariya. Uwaye su lura, shekarun da yarinya ke fara rufe jiki ta daina bari a yi mata wanka su ne shekarun da baya ke karkacewa da sauri, don haka sai an duba da niyya.

Jakar littattafai, da ɗaukar tulu a ka, da zaman ƙasa a ajin zana ba su ke haddasa sikoliyosis ba, kada uwa ta ɗora wa kanta laifi. Ba a ɗaukarta daga wani, ko da yake takan bi wasu dangi. Yaron da ke kukan ciwon baya da dare, yana ramewa, yana zazzaɓi, ko wani ƙulli ya fito masa a gadon baya, wannan a yi zargin tarin fuka na ƙashi, wanda ƙwayoyin watanni ke warkarwa in an cim masa kafin ƙashin ya rushe.

Wani malami ya taɓa ce mini, "To ka gano, sai me? Ka ƙara wa talaka damuwa kawai." Maganarsa tana da nauyi, ba zan yi kamar ban ji ba. Rigar roba mai tauri, wato korse, da ake sa wa yaro mai girma in karkacewarsa tana tsakanin digiri 25 da 40 tana aiki: a wani gwaji da aka yi a Amurka da Kanada, aka buga a 2013, kashi 72 cikin ɗari na waɗanda suka sa ba su kai matakin tiyata ba, waɗanda aka zuba wa ido kawai kuwa kashi 48. Tiyata kuma daga wajen digiri 45 zuwa 50 ake zancenta. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano tun 1959, akwai asibitin CURE a Yamai mai kula da yara masu naƙasar ƙashi tun 2010, akwai asibitin FOCOS a Akara da Dokta Oheneba Boachie-Adjei ya buɗe a 2012, wanda ya shahara da aikin ƙashin baya. Na yarda, gidaje da yawa a Korgom ba za su iya kaiwa ko ɗaya daga ciki ba. Amma maganin tarin fuka yana nan kusa, allurar ƙyanda da ɗigon shan inna suna nan. Sanin ma kansa yana da amfani. Yaron da aka san ƙirjinsa ba shi da ajiya za a nisanta shi da taba, a nema masa ɗinki ko karatu maimakon ramin zinariya na Jado ko Ɗan Isa mai cike da ƙura. Irin wannan yaro ya fi duk 'yan ajin buƙatar takardar shaida, domin galma ba za ta riƙe shi har tsufa ba. Malamin da ya bari tsokana ta kore shi daga lakwal ya raba shi da abincin gaba.

Ga hukuma kuma buƙatata ƙarama ce. Tun 2006 Nijar ta sa jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, a 2024 aka rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. To a kai maganar ƙasa. Kowane CSI ya san masu tsananin karkacewar baya da ke yankinsa, ba su da yawan da za su gagari littafi guda, a sa su gaba duk lokacin da rigakafin cutar numfashi ya zo, a kuma tabbatar 'yar na'urar yatsan nan tana nan da batir. Kwamitin kula da makaranta ya ware rana ɗaya a shekara a koya wa uwaye gwajin sunkuyo. Sufetocin makarantu su faɗa wa daraktoci cewa malami mai irin wannan baya in ya dawo daga jinya yana gyangyaɗi, takardar zuwa asibiti ya kamata a fara rubuta masa.

Abokin aikina yana nan da ransa. An ba shi maganin rage ruwa, ya daina kwana a ɗaki mai garwashi, ya kama ɗaki a cikin gari don ya huta da tafiyar safe, muka sauya masa aji zuwa mai yara kaɗan. Muryarsa ba ta kai bakin rijiya yanzu, sai ya zaɓi wani yaro mai amo yana maimaita masa shifta da ƙarfi. Na je na ba shi haƙuri a gaban yayansa, ya ce, "Ba komai, Mushe, kai ma ba ka sani ba." Takardar kuwa tun a ranar na riga na aika kwafinta sama. Sau biyu ina rubutawa a cire ta daga fayil ɗinsa, na biyun har da takardar likita a maƙale, har yanzu ba a ba ni amsa ba.